Daɓen Ɗakin Inna

Roni, Fabrairu 1978

Zuwa ga Daudu ɗan Hajiya Shatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatunka da mutanen Zariya. Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam ya rabu da ciwon haƙorin da ya hana gida sakat, yara suna ta ɓarnarsu. Gwaggo Dela gwiwa ce ta sa ta gaba, amma bakinta garau yake, don haka ba mu huta ba.

In ka manta da ni, bari in tuna maka. Ni ce Saude, wadda ta tura ka cikin kwatami ranar sunan ɗan Yaya Mamuda na fari. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, saboda haka kai bawana ne tun kafin a yanka maka rago, ko jami'a nawa za ka shiga. Yanzu koyarwa nake yi a firamare. Kada ka yi mamakin kyan rubutun nan, babu wanda ya rubuta mini. Bulalar da na sha kafin in bar rubutu da hagu ba ta tafi a banza ba.

Ranar kasuwar Kazaure na haɗu da Hajiya, take ce mini makarantarku ta masu zane ta sayo wata na'ura da ke ɗaukar abu ta nuna shi ba sai an kai wanki ba, kuma wai kai ake ba riƙonta. To aiki ya same ka.

Yaya Mamuda ya sayo siminti. Tun da aka yi musu ƙarin albashi ba ya ganin ƙasa ya ƙyale. Zaure ya sha, tsakar gida ta sha, har bakin rijiya bai tsira ba. Saura ɗakin Inna, kuma ya ce kafin ruwa ya sauka zai shafe shi. Ban ga laifinsa duka ba, daɓen ya tsufa, ya faffashe ta bakin ƙofa, gara ta samu hanya. Amma Daudu, kai ma ka zauna a daɓen nan ka sha fura. Shi ne na ƙarshe da Inna ta yi kafin ta kwanta ciwon ajali. Farar tsakuwar nan a gindin dutse ta tsinto ta ɗaya bayan ɗaya, tsingaron kuwa na tukwanen aurenta ne da suka fashe. Tauraron da ta jera a tsakiya, da hannunta na hagu don ka san bahaguwa ce, babu macen da ta iya irinsa daga nan har Gwiwa. In na shiga ɗakin na zauna na shafa shi, sai in ji kamar ta ɗan leƙa maƙwabta ne.

Na kira mai hoton Kazaure ya gwada, abin ya fito baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Ka zo da taka na'urar ka ɗauka mini kafin a binne shi. Ba roƙonka nake yi ba, aike ne.

Ni ce uwargijiyarka,
Saude

Zariya, Fabrairu 1978

Zuwa ga Malama Saude, wadda ta naɗa kanta sarauta babu mai kiɗa,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai. Ina lafiya, in ban da mura da nake fama da ita. A gaida Malam da yara, a duba mini Gwaggo da gwiwa. Allah ya jiƙan Inna Mairo, ya sa ta huta. Kwatamin nan kuwa ban manta ba, lokaci nake jira.

Hajiya ba ta yi ƙari ba. Sunan abin bidiyo. Akwai kan da ake ɗorawa a kafaɗa ana leƙawa, akwai akwati da ake ratayawa, a cikinsa tef yake juyawa kamar na rikoda, sai dai wannan har da hoto yake kamawa. In an gama sai a jona da talabijin, ki ga mutum yana tafiya yana magana kamar ba ɗazu ya wuce ba. Tun da ya iso malamanmu suka rabu biyu. Tsohon cikinsu ya ce zane sai da buroshi da fenti, sauran duk wasan yara ne. Wani matashi da ya dawo daga waje ya ce can masu zane da yawa sun ajiye buroshi, a akwatin talabijin suke nuna aikinsu. Ni ina bayan matashin, amma a gaban tsohon nakan gyaɗa kai, don shi ke ba da maki.

Ba ki ma ji komai ba. A wani gini akwai kwamfuta, ta cika ɗaki fal, kuma sai an hura mata sanyi take aiki, mu da muka zo karatu muna ta gumi. Kati ake ba ta mai huji-huji, washegari ta fito da zane a takarda, duk da haruffa ta haɗa shi. Na sa an ba ta dagi. Abin da ta fito da shi kamar tabarmar da ɓera ya ci, amma wallahi dagi ne, kowa ya gane. Ki bar ganin muna wasa, nan gaba da irin waɗannan za a riƙa zane.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Duk abin da idona ya gani, na'urar nan za ta gani. In an ba mu ɗan hutun nan zan shigo motar Kazaure, ki sa a dama fura mai yawa, ki kuma gaya wa Yaya Mamuda ya riƙe magininsa.

Ubangidanki, ko kin ƙi ko kin so,
Daudu

Zariya, Maris 1978

Malama Saude,

Gaisuwa da fatan alheri. Na iso lafiya, na gode da ɗawainiya, furar ta yi. A gaida kowa da kowa. A gurguje nake rubutu, jarrabawa ta tsaya mana a wuya.

Kin tuna batir ya mutu kafin in nuna miki abin da na ɗauka. To da na iso na jona da talabijin. Saude, babu abin kallo a ciki. Na kira abokaina biyu, suka duba suka duba, ɗaya ya ce, “Wai ƙasa ka je har Roni ka ɗauko mana?” Suka yi ta dariya. Wannan ba abin da zan nuna wa mutane ba ne. Ina tunanin yadda za a yi, zan sake rubuto miki.

Daudu

Zariya, Afrilu 1978

Malama Saude,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Motar Kazaure ta zo ta koma ta sake zuwa, ban ga amsarki ba. Na tambayi direban, ya ce da hannunsa ya miƙa miki takardata a ƙofar makaranta. Hajiya ta aiko cewa ta gan ki a gidan suna a Kanya Babba, kin gaishe ta cikin ladabi, amma da ta ambaci sunana sai kika shiga gyara ɗankwali. In wani abu ne ya faru ki gaya mini. In kuwa Yaya Mamuda ya riga ya zuba simintin, shi ma ki gaya mini, gara in sani.

Daudu

Roni, Afrilu 1978

Daudu,

Sallama dai wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Kowa lafiya. Gwiwar Gwaggo da sauƙi. Ba a zuba siminti ba tukuna.

Ka tambayi abin da ya faru. Kai ne ka faru. Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar aji, sai da na nemi wuri na zauna. “Babu abin kallo a ciki.” Haka ka rubuta, ga ta nan a gabana. Matar da ta yi shekaru tana durƙushe a ɗakunan amaren garin nan har gwiwoyinta suka yi kanta, matar da ake aiko mata da jaki daga Babura, aikinta na ƙarshe ka ɗora a gaban 'yan birni suna ƙyalƙyala dariya. Ƙasa! To ƙasa ce mana. Su abokan naka a kan me aka haife su, a kan gilashi?

Wasa tsakaninmu gado ne, na sani. Ka zage ni in zage ka, babu mai jin haushi. Amma Inna ba taubashiyarka ba ce. Raina ya ɓaci, kuma ba zan yi maka kara in ce bai ɓaci ba. Da na san kunya za ta ba ka a gaban abokai, da ban aika maka ba. Ka je ka yi ta ba kwamfutarka kati tana haifa maka tabarmar ɓera.

Ni na san abin da ke ɗakin nan, ba sai wani ɗan makaranta ya sa mini hannu ba. In Yaya ya binne shi, ya binne abu mai daraja, kuma ni zan riƙa faɗa har in mutu.

Saude

Zariya, Afrilu 1978

Yaya Saude,

Kin ga yau na kira ki Yaya, ki san magana ta kai. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da Gwaggo. Ni lafiya lau, sai kunnena da ke zafi tun da na karanta takardarki.

Haba Saude! Ni zan raina aikin Inna Mairo? Ni da nake kwanciya rub da ciki a ɗakin nan ina bin layin tsakuwa da yatsa tun ban san ana zuwa makaranta don zane ba? Gaggawa ce ta sa na yi miki rubutu guntu. Abin da ke cikin tef nake nufi, ba abin da ke cikin ɗaki ba. Abokan nan nawa ba su ga daɓen Inna ba ko kaɗan, toka-toka kawai suka gani, ni suke wa dariya.

Ga yadda abin yake. Na cika baki na ce duk abin da idona ya gani na'urar za ta gani, ashe ba haka ba ne. Ba ta san launi ba, fari da baƙi kawai ta sani, don haka jan tsingaro da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawan da ke rina daɓe, duk ɗaya ne a wurinta. Ɗakin kuma duhu gare shi, tsakuwar ta dushe da tsufa. Babban abin ma shi ne, na'urar nan ba ta son abin da ke kwance shiru. Na lura da haka ne a ƙarshen tef ɗin, inda wata kaza ta shigo ɗakin kika kore ta. Nan take hoton ya tashi, kowa ya gyara zama. Kaza fa!

Shi ne na zauna na yi ta juya abin. Buroshi yana kama abin da aka gama. Wannan kuwa abin da ake cikin yi take kamawa. Daɓen da ke kwance ba za ta iya da shi ba, amma ranar daɓe, mata sun durƙusa a jere, madaɓai na tashi suna sauka, ana yayyafa makuba, Gwaggo na ba da waƙa ana amsawa, wannan kam ko makaho ya riƙe ta sai ta fito da abu. Na tabbata, kuma wannan karon ba cika baki ba ne.

Ki nemo mini inda za a yi sabon daɓe a Roni kafin damina, in zo in ɗauka. Ba zai zama na Inna ba, amma aikinta ne, kuma matan da suka yi tare da ita ne.

Naki,
Daudu

Roni, Mayu 1978

Zuwa ga bawana Daudu,

Na mayar maka da muƙaminka, ka gode Allah. Muna lafiya. Zafi ne dai ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar. Malam na gaishe ka.

Na ji bayaninka, na yarda. Amma ka daɗe a birni har ka manta gida. Na farko, wa ke sabon daɓe a Roni bana? Na zaga, duk amaryar da za a kai ɗaki siminti ta ce, wadda ba a yi wa ba har kuka take yi. Na biyu, da na gaya wa Gwaggo za ka zo ka ɗauka, sai da ta ajiye carbi. Ta ce, “Namiji a wurin daɓe? Ke Saude, karatun ne ya taɓa ki? Mu da muke ɗaure zane a gwiwa, muna waƙar da ko mazanmu ba su taɓa ji ba? Ko yaron da ya fara wayo korarsa muke yi, balle ƙato mai gemu da ido a kafaɗa!”

Na ce, “To Gwaggo, in ni na riƙe fa?”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ke kin iya?”

Na ce abin da Daudu ya iya ai ba zai gagari mutum ba. Ta yi dariya har da tari. Ta tara tsofaffin, suka yanke sharaɗi: kada fuskar kowa ta fito, daga wuyan hannu zuwa ƙasa kawai, kuma su za su fara gani kafin wani ɗan Zariya. Na amsa da sunanka.

Saura ɗaki. Ɗaki ɗaya ne ya rage da ƙasa a danginmu kaf, ka san shi. Na je na sami Yaya Mamuda a zaure na durƙusa. Ya ce, “Ni ba gaba nake da Inna ba, Saude. Gara ce ba na so. In kun yi sabo mai ƙwari na bar muku ɗakin har abada. In kuka tsaya shawara, maginina yana nan tafe kafin ruwan fari.”

Ka ga inda aka tsayar da ni. Ko in bar daɓen Inna yadda yake a binne shi ƙarƙashin siminti, ko in fasa shi da hannuna. Ban aika maka neman shawara ba, don na san kafin mota ta je ta dawo ruwa ya sauka. Jiya da hantsi na ari diga. Bugun farko sai da na ce “Inna ki yafe mini” a fili, na yi kuka kuwa har majina, ba zan ɓoye maka ba. Daga nan hannuna ya saki. Tsakuwar da tsingaron duk na tsince su, na wanke, suna nan cikin ƙwarya fari tas kamar yau ta tsinto su. An kawo burji, ƙasar daɓen ke nan, ɓawon ɗorawa yana jiƙe, makuba ta fara ja.

Abu ɗaya ke damuna, tauraron tsakiya. Babu wadda ta iya, ni ma ban taɓa jerawa ba, don in Inna ta kai nan korata take yi in tafi makaranta. Gwaggo ta ce a yi yadda ya samu.

Yanzu ɗakin Inna rami ne, Daudu. Ka zo ranar Jumma'a mai zuwa ka koya mini, Asabar a yi daɓe. Kada ka aiko mini da wani uzuri, ko malaminku ne ya hau kan na'urar ya zauna, ka ɗauko har da shi.

Saude

Zariya, Mayu 1978

Malama Saude, mai bidiyon Roni,

Gaisuwa mai yawa. Na iso lafiya, kafaɗata ce kawai ke ciwo, na san taki ta fi. Ina fatan hannuwan su Gwaggo sun huce.

Ni dai na sha zaman zaure ranar nan, ni da Yaya Mamuda, muna jin dim-dim ta cikin bango, in aka yi shewa sai ya dube ni in dube shi. Batir kuma ya sake cin amanata, ban ga komai ba sai da na dawo nan.

Saude, kin kashe ni! Daga jona tef ɗin ban sake zama ba. Sharaɗin nan na Gwaggo da na ɗauka zai ɓata aiki, ashe shi ne aikin. Babu fuska ko ɗaya, sai hannuwa, na tsofaffi masu jijiya, na matasa masu warwaro, madaɓai na tashi tare suna sauka tare, ƙasa na canza kama a gaban ido. Inda kika bi ruwan makuba tun daga tsintsiyar yayyafi har ya nutse, ni da na yi watanni ina riƙe abin nan ban taɓa tunanin haka ba. Malamanmu sun kalla. Matashin ya ce wannan shi ne abin da yake ta faɗa. Tsohon ya ce har yanzu bai yarda zane ba ne, amma a sake kunna masa. Suna can suna musu, an dai amince a sa shi a nunin ƙarshen shekara.

Gyara ɗaya zan yi. Wajen ƙarshe hoton ya karkace, da alama kin gaji kin ajiye na'urar a kan wani abu kin manta tana juyawa. Waƙa ta tsaya, ba a jin komai, sai hannuwa biyu suna wasa da tsakuwa, kuma abin ya yi tsawo. Wannan wurin zan goge in ɗauki wani abu a kai, don tef ya yi mana ƙaranci, har rabonsa ake yi.

Amma alkawari na nan. Na san na riga na saɓa rabinsa tun da malamai sun gani, kada ki gaya wa Gwaggo. Zan zo da ƙaramar talabijin ranar Lahadi, direban ya yarda ya ara mana batirin mota. In sun gani sai in dawo in gyara.

Daudu

Roni, Yuni 1978

Zuwa ga Daudu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ruwan nan bai taɓa ku a hanya ba. Mu nan ya sauka sosai bayan tafiyarku, an fita shuka, kowa lafiya. Gwaggo ta ce a gaishe ka, wai kai ɗan albarka ne, na ce ban ga alama ba.

Ka tafi ba ka san abin da ya faru ba, direba na ta danna maka oda, hadari ya haɗu. Na ji kana tambaya daga zaure ko waya ce ta ja wani, da ka ji ihu. Babu wayar da ta ja kowa. Ga abin da ya faru.

Mun shimfiɗa tabarmi a gefe don kada a rufe sabon daɓen, na ɗora talabijin a kan turmi, na jona wayar da ka zuro ta taga, na kunna yadda ka koya mini. Kai, ka ga shewa! Kowa na neman hannunta. “Ga nawa, ga nawa!” “Ke Rahamatu, ashe haka kike ha'inci, madaɓinki ba ya taɓa ƙasa!” Gwaggo ta ji muryarta ta rufe baki, ta ce, “Wace ce wannan mai muryar gardi?” Aka kwashe da dariya har wasu na kwanciya.

Sai aka zo wurin da ka ce na gaji. Ban gaji ba, Daudu. Ranar nan da aka kai tsakiyar ɗaki, mata suka tsaya cirko-cirko da ƙwaryar tsakuwa, wannan ta sa ta cire, waccan ta jera ya karkace. Ina leƙe ta cikin na'urarka ina kallonsu. Ban san lokacin da na dire ta a kan turmi na durƙusa ba. Na ce su matsa. Ban yi tunanin komai ba, ɗauka kawai nake yi ina sawa, har na ɗago na ga tauraro. Na ɗauka sa'a ce.

To da wurin ya fito a talabijin, kowa ya zuba ido. Hannun dama yana riƙe da ƙwarya. Na hagu ne ke ɗaukar tsakuwa, ya juya ta tsakanin yatsu, ya dasa, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, sannan ya share da gindin tafi. Ya sake ɗauko wata. Gwaggo ta rarrafa da gwiwar nan tata mai ciwo har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ƙwalla kira, “Mairo! Jama'a ku tsaya, Mairo ce!”

Rahamatu ta ce, “Gwaggo, Saude ce fa, ga zobenta nan.”

Gwaggo ta ce, “Rufe mini baki! Hannun da na yi daɓe da shi tun muna amare za ki gaya mini? Dubi yadda take ƙwanƙwasawa. Wa ke yin haka a garin nan in ba Mairo ba?”

Ihun da ka ji ke nan. Ni kuwa ban yi ihu ba, hannuna na ɗaga ina kallo. Tun ina aji ɗaya aka raba ni da hagu, da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake dukan 'ya'yan mutane. Ban taɓa ganin kaina ina aiki ba, wa ya taɓa? Sai da na'urarka ta tsaya daga gefe ta kalle ni. Na yi wata guda ina jin na fasa abin da ya rage mini na Inna, ashe ina yawo da shi. Farin cikin da na yi ranar nan ban yi irinsa ba tun da aka binne ta. Sau uku suka sa na mayar da wurin baya, ba su nemi waƙar ba ma.

Da yamma Yaya Mamuda ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya doka diddige a daɓen ta ko'ina. Ya mayar da takalminsa ya fita. Washegari na ga magininsa yana shafe garken awaki da sauran simintin.

Yanzu sai maganarmu. Na san ka isa Zariya ka buɗe akwatin ka ga wayam. Kada ka zargi direba. Kai ka koya mini sa tef, cirewa kuwa ni na koya wa kaina. Yana nan cikin adakar Inna, naɗe a zanenta. Na san ba ni da abin kunna shi, wannan kuma matsalarka ce, kai za ka riƙa ɗauko kaya kana zuwa duk lokacin da tsofaffin nan suka so gani. Aikin bawa ke nan.

Nuninku ba zai ɓaci ba. Malam ya yarda, ranar da za a yi ni zan kawo tef ɗin Zariya da kaina, in zauna kusa da na'urar har a gama, in komo da abina. A rubuta sunayen matan da suka yi daɓen, na Gwaggo a sama. Kuma a nuna shi duka, da karkacewar da shirun. Wanda ya gaji ya tashi ya fita.

Ka ce hannuwa biyu ne suna wasa da tsakuwa. Na daman nawa ne, in tef ya yi muku ƙaranci ka goge shi. Na hagun kuwa an riga an binne mini shi sau ɗaya, ba za ka ƙara ba.

Ni ce uwargijiyarka,
Saude